Man Juyen Da Na Kai Wa Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Wanda ya tashi a Wurno ko garuruwan da ke kewaye ba sai an yi masa bayani ba. Uba yana jin kunyar ɗansa na fari, ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, ba ya haɗa ido da shi. Baba kuwa ya riƙe wannan al'ada da hannu biyu. In yana son in ɗebo ruwa, sai ya gaya wa Inna, alhali ina tsaye a gabansa. Ita ma Innar kunyar take ji, amma tunda dole wani ya sassauta a gidan, ita ta sassauta. In ba ta kusa, sai ya gaya wa bango. Na sha jin ana aiken bangon zaurenmu kasuwa, ni kuma in ɗauki kwando in kama hanya.

Da ina ƙarami "wancan" yake ce da ni. Da na sami aikin ofis a Sakkwato sai na koma "mutumen birni". Ƙannena kuwa ana kiran sunansu, ana yi musu faɗa, ana dariya da su. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma ina son a ce na iya. Waɗannan halaye biyu su suka ja mini abin da zan ba da labarinsa.

Baba direba ne. Ya yi aiki da hukumar da ke kula da madatsar ruwa da gonakin ban ruwa, yana ɗaukar injiniyoyi da masu awo daga Wurno zuwa Rabah zuwa Goronyo, yau kan kwalta, gobe cikin yashi, jibi cikin laka a gefen gulbi. Da ya ajiye aiki aka yi gwanjon tsofaffin motoci, sai ya sayi jif ɗin da ya daɗe yana tuƙawa. A takarda fara ce, a ido kuwa kalar kunun gero. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, gilashin gefen direba sai an tallafa masa da hannu yake hawa. Duk wannan bai dame shi ba. Amma inji ba a wasa da shi. Kowace safiya, kafin ya sha koko, zai ɗaga bonet, ya zaro ƙarfen awon mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Ko motar ba za ta je ko'ina ba ranar sai ya yi haka. A unguwarmu an san shi da cewa inji bai taɓa bugawa a hannunsa ba, kuma ya fi jin daɗin wannan yabo a kan duk wani yabo.

Man juye a Rabah yake sayowa, wurin wani taubashinsa bakanike, tsoho mai bakin tsiya, wanda ba ya ganin Baba bai tsokane shi ba. Daga duro ake zuba man, mai kauri, yana saukowa a hankali kamar zuma. Baba zai lakato shi, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya buɗe yatsun. In ya yi zare, ya saya. Yakan ce tsohon inji cikinsa ya riga ya ci, ramukansa sun buɗe, mai kauri ne kaɗai ke cike su, musamman a zafin ƙasarmu. Na ji ana gaya wa bango wannan magana ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma ban taɓa ɗaukar ta da muhimmanci ba.

Juyen kansa a ƙofar gida yake yi, kuma akwai al'adar da ta biyo baya. Tsohon man da aka juye ba a zubarwa. Baba zai bar shi cikin daro a bakin zaure, maƙwabta su zo da gwangwanayensu. Wannan zai shafa wa azarar ɗakinsa saboda gara, wancan zai ɗiga a ƙafar amalanke, wani zai sa wa injin ban ruwansa da ya gaji, wani jakinsa ne ya yi gyambo. Kowa a unguwar ya san ranar juyen Baba, kowa kuma ya san yadda man yake fitowa, baƙi ƙirin, ya gama aikinsa.

Motar nan aikinta na gaske guda ɗaya ne. Kowace Laraba takan kai Baba ƙauyen Boyekai wurin yayansa, wanda muke kira Bappa. Shi ya raini Baba bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sayar da ɗan bijiminsa ya kai shi koyon tuƙi. Shi bai taɓa barin ƙauyen ba, yana nan da gonarsa da 'yan dabbobinsa har idonsa ya tafi. Baba kuma gwiwarsa ta dama ta lalace, ba ya iya hawa kabu-kabu ya yi nisa, ba ya iya matsuwa a motar haya. In babu jif ɗin nan babu zuwa Boyekai. Zai ɗora shinkafa da albasa da goro, ya tafi da hantsi, su wuni a ƙarƙashin darbejiya, ya dawo kafin magariba. Abin da suke faɗa wa juna tsawon wuni ban sani ba. Inna ta ce yawanci shiru suke yi.

To ni a birni na sayi 'yar ƙaramar mota, na fara zama cikin masu hirar motoci a wurin aiki. A nan na ji labarin man zamani, marar kauri, wanda aka ce yana wanke inji, yana sanyaya shi, yana daɗewa. Na sa wa tawa, ta yi lafiya lau, don sabuwa ce kusan. Sai tunanin Baba ya faɗo mini. Na daɗe ina neman abin da zan ba shi ya tsaya a hannunsa. In na kai masa shadda, bayan sati biyu zan gan ta jikin limamin unguwa. In na kai agogo, ƙanena ne zai ɗaura. Na ce a raina, mai dai ba zai kyautar ba, motarsa za ta sha, kuma kullum ya ɗaga bonet sai ya tuna da ni. Na shiga wani babban shago na sayi galan biyu. Mai shagon ya tambaye ni wace irin mota ce, na ce masa jif ce. Ban ce tsohuwa ba, shi ma bai ƙara tambaya ba.

Ranar Juma'a da la'asar na isa Wurno, maƙwabta na zaune a ƙofar gidanmu kan tabarma, Baba na cikinsu. Mai hankali da sai ya wuce da kayansa ciki. Ni sai na dire galan biyun a gaban jama'a, na shiga bayani, ina juya su don a ga rubutun jiki. Aka yi ta sa albarka, ana cewa Malam ya haifi ɗa. Baba yana kallon yatsun ƙafarsa. A haka aka watse.

A cikin gida ya buɗe galan ɗaya, ya lakato, ya murza, ya buɗe yatsunsa. Babu zare. Ya daɗe yana kallon yatsun, sannan ya juya wajen Inna da ke tsince shinkafa.

"Hwaɗa ma mutumen birni an gode, Allah shi yi albarka. Amma man ga ruwa-ruwa na. Tsohuwa ba ta saba da irinai ba."

Yau da nake rubuta wannan na san iyakar abin da zai iya faɗa ke nan. A wurin mutum irinsa, wannan daidai yake da ya kama kafaɗata ya girgiza ni. Amma ranar ban ji haka ba. Abin da na ji shi ne an sake ture kyautata. Raina ya ɓaci, na shiga yi wa Inna lacca a kan injuna, ita da ko keke ba ta taɓa hawa ba. Na ce zamani ya canza, na ce man duro ba a san abin da ake gauraya masa ba, na ce masu ilimin abin ne suka haɗa wannan. Daga ƙarshe na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta.

"Inna, in ba a so, in maida abina birni, in ba wanda yas san darajatai."

Inna ta ɗago ta kalle ni, ta mayar da kanta kan faifai. Baba ya goge yatsunsa da tsumma, ya tashi yana ɗingishi ya fita. Da safe, kafin in gama karyawa, na ji ƙarar daro a ƙofar gida. Ya kwanta a ƙarƙashin motar da gwiwar nan tasa, ya juye man Rabah da bai ko yi wata guda ba, ya zuba nawa. Na tsaya a zaure ina kallo, ina jin daɗi har cikin raina. Na koma birni ranar Lahadi ina ganin na yi abin kirki.

Abin da ya biyo baya daga bakin Inna na ji, wani a waya, wani daga baya. Sati bai cika ba aka fara ganin ɗigon mai a inda motar ke kwana. Sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa in an tashe ta. Kowace safiya ƙarfen awo na nuna man ya sauka, Baba na ƙarawa daga galan na biyu. Inna ta kira ni ta ce Babanku ya ce a gaya maka motar tana zufa. Na yi dariya, na ce dattin shekaru ne take fitarwa, a ba ta lokaci. Na ma ƙara da cewa tsofaffi ba sa son sabon abu. Ban tambayi yawan zufar ba.

Bappa da ba ya gani shi ya fara faɗa a fili. Wata Laraba da motar ta tsaya a ƙofarsa, kafin a gama gaisawa ya ce, "Mi yas samu motag ga? Muryatta ta sake." Baba ya ce masa zafi ne.

Lokacin bazara ne kuwa, an kwashe albasa, ruwan magudanai ya ja baya, ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. Baba ya leƙa Rabah, taubashinsa ya saurari injin, ya lakato man ya duba, ya fara zagi. Ya ce a zubar da shi nan take, ko kuwa wata rana a kawo masa injin cikin buhu. Ya ce in ma ba za a zubar ba, a riƙa ƙarawa da mai kauri. Baba bai taɓa haɗa mai iri biyu a inji ɗaya ba tun da ya fara tuƙi, a wurinsa wannan ɓarna ce. Zubarwar kuma ya ƙi. Bakaniken da kansa ya maimaita mini amsar da ya ba shi.

"In na juye shi yanzu, gobe kowa shi zo da gwangwani nai, shi ga mai jajir bai yi aiki ba. A gabansu yaron ga yak kawo shi. Bari shi yi baƙi tukuna."

Bakaniken ya ce to a juye a nan Rabah, a ɓoye. Baba ya ce in watan juye ya zo aka ga babu daro a bakin zaure, tambaya za a yi, shi kuma ba zai yi ƙarya a kan mai ba. Suka rabu a kan cewa da zarar galan na biyu ya ƙare za a yi juye, lokacin man ya yi duhu, ba wanda zai gane. Sun sa ranar Alhamis mai zuwa.

Ranar Litinin da hantsi aka bugo waya daga Boyekai, aka ce jikin Bappa ya rikice tun asuba, yana ta kiran ƙanensa. Baba ya duba mai, ya juye ɗan abin da ya rage a gindin galan, ya ɗauki Inna da wasu tsofaffin mata biyu na dangi, suka kama hanya. Inna ta ce tunda take ba ta taɓa ganin ya yi gudu irin na ranar ba. Sun bar kwalta sun shiga yashi, rana ta take, sai jar fitilar gargaɗin mai ta kama a gabansa. Ya tsaya, ya ɗaga bonet, ya zaro ƙarfen awo. Ta ce ya daɗe tsaye da ƙarfen a hannu, yana kallon hanya. Babu gari kusa, babu mai sayar da mai, sai gonakin da aka riga aka kwashe. Ya rufe bonet, ya shiga, ya tashe ta. Ya san abin da zai faru, amma ya yi fatan ta kai shi. Ba su yi nisa ba aka ji ƙara daga cikin injin kamar ana buga taɓarya a turmi, sannan motar ta yi shiru.

Sun daɗe a gindin wata ƙaya kafin wani mai babur ya biyo. Baba ya hau bayansa da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ƙafar na miƙe a gefe, ya bar matan su jira wani abin hawa. Ya isa Boyekai ana kiran azahar. Ya tarar an ɗora ruwan wanka. Matar Bappa ta ce bai daɗe da cikawa ba, kuma har ƙarshe yana cewa a yi shiru, kamar ya ji mota.

Washegari na iso daga birni. Tun a hanya na ga jif ɗin a gefe, an sa mata duwatsu a taya, ƙasan da ke ƙarƙashinta ya yi baƙi. Na gane ta, na kuma gane komai, amma ban tsaya ba. A wurin zaman makoki na sami gefen tabarma na zauna, nesa da Baba kamar yadda aka saba. Ya rame a kwana ɗaya. Mutanen Wurno sun zo, har da maƙwabtanmu, ga taubashinsa na Rabah zaune kusa da shi. Bayan an yi addu'a, wani dattijo ya tambayi abin da kowa ke son tambaya, ya ce yaya aka yi inji ya buga a hannun Malam, shi da ba a taɓa ji ba. Na ga bakaniken ya gyara zama, ya kallo inda nake, ya buɗe baki. Baba ya ɗora hannu a gwiwar bakaniken.

"Ni nim manta ban duba mai ba," in ji Baba. "Tsuhwa ta."

Aka yi ta girgiza kai, ana cewa Allah sarki, girma ya zo, kowa zai je can. Wani ya ce gara ma Malam ya haƙura da tuƙi haka nan, kada wata rana abin ya fi wannan. Baba ya ce gaskiya ne. Mutumin da bai yarda ya yi ƙarya a kan daron tsohon mai ba, ga shi ya yi ta a gaban jama'a, ranar makokin yayansa, kuma a kan abu ɗaya da yake taƙama da shi a duniya. Ni kuwa mai bakin lacca ina zaune ina ji. Na ce a raina bari a rage jama'a in yi magana. Aka rage, ban yi ba. Tsoro na ji, ba wani abu ba.

Da yamma bakaniken ya ja ni bayan rumbu ya gaya mini duk yadda suka yi da Baba a Rabah. Bai zage ni ba, shi da ke zagin kowa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Aka jawo motar zuwa Wurno, aka ajiye ta a gefen zaure. Na nemo wani injin a birni, na aika a gaya wa Baba za a kawo a ɗora. Amsa ta zo ta bakin Inna, cewa an gode, amma wanda ya fara mantawa da mai bai kamata ya sake riƙe sitiyari ba. Na koma gida musamman, na tsaya a tsakar gida, na gaya wa Inna da ƙarfi yadda zai ji, cewa na san ni ne, a yafe mini. Yana zaune a bakin ɗakinsa yana jan carbi. Ya ce wa Inna a gaya wa mutumen birni shi bai san zancen da ake yi ba, kuma abinci na hucewa. Ya riƙe maganarsa ta Boyekai har ƙarshen ransa. Bai sake tuƙi ba. Tayoyin suka sace, kaji suka riƙa ƙwai a ƙarƙashin kujerar baya, shi kuma ya koma zaman ƙofar gida, yana tsufa da sauri a kan idonmu.

Da ya rasu, ni ne babba, ni na zauna a tsakiyar tabarma ina karɓar gaisuwa. A rana ta uku tsofaffin abokan aikinsa suka zo, suka shiga tuna baya. Ɗaya ya ce ba a yi direba kamarsa ba a duk faɗin aikin madatsar, sau ɗaya tak ya taɓa mantawa da mai, shi ma tsufa ne. Wannan karon ban jira a rage jama'a ba. Na ce bai manta ba. Na ba su labarin tun daga galan biyun har zuwa jar fitila, ban rage komai ba. Na nemi bakaniken Rabah da ido don ya gaskata ni, sai na tuna shi ma ya riga mu gidan gaskiya tun bara. Inna kuwa tana cikin gida tana takaba.

Suka saurare ni har na gama. Dattijon da ya fara maganar ya miƙo hannu ya dafa kafaɗata, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah shi yi ma albarka," in ji shi. "Haka ɗan kirki ka yi, shi ɗauki laihin ubanai."

Sauran suka ce amin. Na sake cewa wallahi gaskiya nake faɗa, suka ce sun sani, sun sani, in yi haƙuri. Sannan wani ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, suka tashi suna neman takalmansu.